Gidan tsattsewa mai ɗaki inci 6: abun da ya faru a Griggsville da yanda aka yi ta gyara shi

A shekarar 1962 wani ƙaramin gari a jihar Illinois ta Amurka mai suna Griggsville ya rasa yanda zai yi da sauro. Garin yana tsakanin kogi biyu ne, kogin Illinois ta gabas, Misisipi ta yamma, ga fadamu ga ruwa kwance, mutanensa kuma dubu ɗaya da 'yan kai ne kawai. Lokacin an fara surutu sosai a Amurka kan illar feshin maganin ƙwari irin su DDT, toh sai ƙungiyar matasan 'yan kasuwar garin da ake kira Jaycees suka ce su dai ba sa son feshi, a nemo wata hanya. A garin akwai wani mutum J. L. Wade mai kamfanin Trio, sana'arsa ƙera eriyar talabijin da alminiyom, shi ne ya ce akwai tsuntsun da zai yi musu wannan aiki kyauta in dai za a ba shi wurin kwana.

Tsuntsun shi ne wanda Amurkawa ke kira purple martin, ni zan riƙa cewa matin kawai. Dangin tsattsewa ne, shi ne ma mafi girma a danginsa a duk Arewacin Amurka, tsawonsa wajen inci 8, nauyinsa giram 50 da ɗoriya. Namijin da ya kai shekara biyu baƙi ne wuluk mai sheƙi, in rana ta doke shi sai ka ga shuɗi-shuɗi, mace da saurayin namiji kuma cikinsu fari-fari ne har sabon shiga ba ya iya banbance su. A sama yake kama abincinsa yana tashi, ruwa ma a guje yake shafto shi daga saman tafki. In sanyi ya gabato ya tafi Kudancin Amurka, mafi yawansu Barazil wajen kogin Amazon, in ɗumi ya dawo ya komo arewa ya yi ƙwai, manyan na fara isowa Florida tun Janairu amma ba sa kai Kanada sai wajen farkon Mayu. A 2009 wata mai bincike Bridget Stutchbury ta jami'ar York a Kanada da abokan aikinta sun fitar da sakamakon 'yar na'urar bin sawu da suka goya wa wasu matin na jihar Pennsylvania, aka ga ɗaya ta dawo daga Barazil cikin kwana 13.

Abun da ya sa maganar gida ta zama babba shi ne gabas da tsaunukan Rocky wannan tsuntsu kusan gaba ɗaya ya daina yin sheƙa a kogon itace, sai a gidan da ɗan Adam ya kafa masa. A yamma har yanzu wasu na shiga ramukan da maƙwaƙƙwafi ya huda, a Arizona ma cikin manyan itatuwan kaktus na sahara suke yi, amma a gabas in mutane suka sauke gidajensu toh shikenan an gama da shi. Kuma abun ya daɗe. Alexander Wilson, masanin tsuntsaye na farkon shekarun 1800, ya rubuta cewa 'yan asalin ƙasar irin su Choctaw da Chickasaw suna sassabe rassan ƙaramar bishiya kusa da bukkokinsu su rataya gora da aka huda, haka ma bayi baƙaƙen fata a gaɓar Misisipi suna kafa dogon kara su ɗaura gora a samansa. Gorar nan kuwa ba wata baƙuwa ba ce, duman nan ne namu da ake fafe ƙwarya da ludayi da shi, iri ɗaya ne.

Kafin Wade yawancin gidajen matin na katako ne, wasu har da hawa-hawa da ado kamar fadar sarki, masu nauyin tsiya, a kafe su a kan doguwar sanda da ba ta sauka, wanda ya kafa ɗin ma sai ya shekara bai leƙa ciki ba saboda sai da tsani kuma ba ƙofar buɗewa. Wade ya nemi shawarar wani masanin tsuntsaye na garin Quincy da ke kusa, T. E. Musselman, suka fito da gida na alminiyom mai ɗaki 12, hawa biyu, kowane ɗaki inci 6 faɗi inci 6 zurfi, da ƙofa zagayayya mai faɗin inci 2 da ɗan ɗoriya, da baranda a gaba mai ɗan shinge don kar 'ya'ya su faɗo. An sa wa samfurin farko sunan Musselman ɗin, daga baya aka yi wasu irin su Grandpa da Grandma da Castle mai ɗaki 24. Aka jejjera su a babban titin garin, tsuntsaye suka shigo, daga baya ma aka kafa wata hasumiya a tsakiyar gari mai tsawon ƙafa 70 da ɗaki 562, garin ya raɗa wa kansa suna babban birnin matin na ƙasa. Kamfanin eriya ya koma kamfanin gidan tsuntsu, har jarida ta wata-wata Wade ya riƙa bugawa kan harkar.

Tallar da ta sayar da gidajen ita ce wai matin ɗaya zai iya cin sauro 2,000 a rana. Wannan magana ta shiga kan Amurkawa har yau ba ta fita ba, alhali lissafi ne na kan takarda, ba wai an duba cikin tsuntsun an ƙirga ba. A 1968 wani masani Herbert Kale ya bi duk binciken da aka yi kan abun da ake samu a cikin matin ya buga a mujallar The Auk, ya nuna sauro ɗan mitsitsin kaso ne da bai taka kara ya karya ba. Dalilin a fili yake, matin da rana yake farauta can sama sosai, sauro kuwa yana ƙasa-ƙasa cikin ciyawa da duhuwa kuma sai magariba yake fitowa lokacin matin ya shige ɗaki. Abincinsa su ne buzuzu da ƙudaje da rina da tururuwa masu fiffike da malam buɗe littafi, da kuma mazari, ƙwaron nan mai fiffike huɗu da ke shawagi a bakin ruwa, wanda shi ne ma yake cin sauron. Wato in don sauro ne an yi asarar kuɗi. Amma ni ban ga laifin Wade sosai a nan ba, don tallar nan ce ta sa dubban mutane da ba ruwansu da tsuntsu suka kafa gidaje, matin ya ci riba ko da an yaudari masu saye.

Kuma gaskiya gidan nasa ya zo da abubuwan da har yau ba a canza su ba. Fari ne, ba ya ɗaukar zafin rana kamar mai duhu. Ba nauyi. Akwai hudojin iska da na zubar ruwa, da wani ɗan faranti a ƙasan kowane ɗaki da ke ɗaga sheƙa sama kaɗan. Ƙofofin gaba suna buɗewa a kwashe shara, akwai murafen toshe ƙofa in tsuntsaye sun tafi. Mafi muhimmanci duk cikinsu, gidan yana sauka ya hau a miƙe, wani a kan sanda mai shigewa cikin juna, wani da igiya yanda ake ɗaga tuta, wani da na'urar murzawa mai waya. Wannan kaɗai ya raba mai gida na gaske da wanda ya kafa ado a tsakar gida, don su kansu masu harkar masu gidan haya suke kiran kansu, toh mai gidan hayar da ba zai iya shiga ya duba ɗaki ba me ya sani game da 'yan hayarsa.

Inda matsalar take shi ne inci 6 ɗin nan. Tsuntsu mai tsawon inci 8, mata da miji, ga ƙwai huɗu zuwa shida, ga 'ya'yan da za su yi wajen kwana 26 zuwa 32 a ciki har su kusan kai girman iyayensu kafin su tashi, duk a cikin ɗakin da tafin hannu biyu ya rufe shi. Shekara da shekaru ba wanda ya damu, saboda ma'aunin da mutane ke amfani da shi shi ne tsuntsu ya shiga ko bai shiga ba, kuma matin yana shiga, ba shi da wani zaɓi ne. Sai da aka samu masu sauke gida suna ƙirga ƙwai da 'ya'ya suna rubutawa, musamman bayan James Hill ya kafa ƙungiyar kare matin ta PMCA a Edinboro ta jihar Pennsylvania a 1987 ta fara tattara bayanai daga masu gidaje, sannan aka ga tsuntsayen da ke ɗaki mai zurfi sun fi yawan ƙwai kuma sun fi fitar da 'ya'ya a raye.

Dalili na farko dai mujiya. Manyan mujiyoyin can, mai tukkun nan kamar ƙaho da kuma mai zane-zane a ƙirji, da dare suke zuwa, su maƙale a baranda su yi ta dukan gidan da fiffike, wanda ya firgita ya fito a cafke shi, wanda ya lafe kuma ta zura ƙafa ta zaro shi tunda sheƙar tana dab da ƙofa, ba inda zai ja da baya. Mai gida yana barci bai san komai ba, da safe sai dai ya ga gashi a ƙasa ko ya ga tsuntsayen sun ƙi shiga ɗaki da yamma suna ta kewaye. Hankaka da shaho ma suna iya kaiwa ga 'ya'ya a ɗaki mara zurfi. Na biyu ruwan sama mai iska, yana bugowa ta ƙofa ya jiƙa sheƙa sharkaf, 'ya'yan da ba su yi gashi ba sanyi ya kashe su. Na uku cunkoso da zafi, 'ya'ya su yi ta turereniya a bakin ƙofa har wani ya faɗo kafin lokacinsa, kuma wanda ya faɗo ƙasa iyaye ba sa sauka su ciyar da shi yanda ya kamata.

Sai kuma barandar da aka yi don taimako ita ma ta zo da nata. Da yake a haɗe take daga ɗaki zuwa ɗaki, namiji ɗaya mai ƙarfi sai ya mamaye duk ɗakunan da ke layinsa, ɗaki ɗaya yake amfani da shi amma ba wanda ya isa ya shiga sauran, shi ya sa za ka ga gida mai ɗaki 12 da wuya ya cika. Haka 'ya'yan da suka ɗan girma sukan fito su taka baranda su shige ɗakin maƙwabta inda akwai ƙanana, su riƙa tare abincin da iyayen ƙananan suka kawo har ƙananan su mutu da yunwa. Maganin wannan mai sauƙi ne, a sa ɗan bango na ƙarfe ko roba a raba barandar kowa da tasa.

Maganin ɗakin ma ba wani kuɗi ba ne. Masu tsohon gidan alminiyom suka fara huda bangon da ke tsakanin ɗaki biyu, su toshe ƙofar ɗaya, sai ya zama ciki da falo, tsuntsu ya shiga ta falo ya karya kwana ya yi sheƙa a ƙurya inda ƙafar mujiya ba ta kaiwa, ruwa ma ba ya kaiwa. Gida mai ɗaki 12 ya koma mai 6. Mutane da yawa sun yi ta jin kamar asara ce, amma tunda dama ba cika yake ba, abun da aka rage ɗakunan banza ne. Shawarar da ake bayarwa yanzu ɗaki ya kai inci 6 ko 7 a faɗi, 12 a zurfi.

Toh a nan ne aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Akwai wani tsuntsu sitalin da aka kawo daga Turai, wani Eugene Schieffelin ya saki wasu a Central Park na birnin Niyok a 1890 da 1891, yanzu sun cika nahiyar. Shi ma a rami yake sheƙa, ya fi matin nauyi, ga dogon baki mai tsini, in ya rutsa matin a ɗaki yana iya kashe shi, ya fasa ƙwai ya jefo 'ya'ya. Ƙaramin ɗakin Wade mai ƙyalli a ciki bai cika burge sitalin ba, shi ɗaki mai zurfi mai duhu yake so, wato dai ainihin abun da aka je aka gina masa da aka faɗaɗa. Duk wanda ya haɗe ɗakuna ya bar zagayayyar ƙofar nan ta da, ya gayyato sitalin da hannunsa.

Wanda ya warware wannan wani mutum ne Charles McEwen a Moncton ta lardin New Brunswick a Kanada. Ya lura jikin tsuntsayen biyu ba ɗaya ba ne, matin gajerun ƙafafu gare shi da ƙirji shimfiɗaɗɗe, yana iya kwantawa ya sulale ta matsatsiyar kafa, sitalin kuwa dogayen ƙafafu da ƙashin ƙirji mai tudu. Sai ya yi ƙofa mai siffar rabin wata, ƙasanta a miƙe samanta a lanƙwashe, faɗinta wajen inci 3, tsayinta a tsakiya milimita 30 daidai. Daidai ɗin nan ba wasa ba ne, ka ƙara kaɗan sitalin ya shige, ka rage kaɗan matin ya kasa, shi ya sa masu yi da hannu suke gwadawa da ma'auni, fenti ma in ya yi kauri yana rage ta. Sannan dole baranda ta kasance dab da ƙasan ƙofar, ko daidai da ita ko ƙasa da kwatan inci, don sitalin ya rasa yanda zai lanƙwashe dogayen ƙafafunsa ya tura jiki, kuma a sa abu mai kaushi a kan barandar ciki da waje don matin ya samu abun dafawa, alminiyom santsi gare shi. Daga baya wasu suka fito da nasu samfurin, akwai Excluder mai 'yan haƙora a ƙasa, akwai Conley, duk dabara ɗaya ce.

Ita ma ƙofar ba ta zo lami lafiya ba. In maza biyu suna faɗa a cikin ɗaki ɗaya yana neman fita, fiffikensa kan maƙale a kusurwar rabin watan, ya toshe ƙofa, shi ya mutu na ciki ma su mutu in ba a gani da wuri ba. Sai aka ƙara wani ɗan kauri ta ciki a kewayen ƙofar da ke hana fiffike shigewa kusurwa. Kuma tsofaffin matin da suka saba da zagayayyar ƙofa sukan yi kwanaki suna leƙe suna ja da baya kafin su koya, a nan ne masu gida da yawa zuciyarsu ke karaya su mayar da tsohuwar.

Gwarar Ingila kuwa, da aka saki a Brooklyn a farkon shekarun 1850, ba ƙofar da ke hana ta don ta fi matin ƙanƙanta. Tana cika ɗaki da ciyawa har sama, tana tsattsage ƙwan matin, kuma in ta riga shi kama sabon gida da wuya ya zauna. Maganinta sai a yi ta cire sheƙarta da kafa tarko a cikin ɗakin, dokar Amurka ta 1918 da ke kare tsuntsaye masu ƙaura ta kare matin amma ba ta kare gwara da sitalin ba tunda baƙi ne. Wannan ɓangare ne da masu tausayi ba sa so, ni kuma a ganina wanda ba zai iya ba gara kar ya kafa gidan tun farko, domin gidan da aka bari ba kulawa masana'antar gwara ce da za ta addabi maƙwabta. Akwai kuma tsuntsayen ƙasar na asali, tsattsewar bishiya da shuɗin tsuntsun nan bulubad, su doka ta hana a taɓa sheƙarsu, sai dai a toshe gidan matin a kafa musu akwati nasu can gefe, in sun kama shi sannan a buɗe.

Ta ƙasa ma ana hawowa. Mutane suna ɗauka sandar ƙarfe santsi ne ba abun da zai hau, alhali macizan can masu cin ɓera gwanayen hawa ne, haka rakun, dabbar nan mai zoben baƙi a wutsiya da hannu kamar na mutum. Maciji ɗaya zai iya bin ɗaki-ɗaki a dare ɗaya. Ana sa wani bututun kwano mai faɗin wajen inci 8 da tsawon ƙafa 2 ko fi a jikin sandar, samansa a rufe kuma ya kai aƙalla ƙafa 4 daga ƙasa, a bar shi yana lilo don abun da ya kama shi ya kasa riƙewa, wasu su ƙara dunƙulen raga a samansa macijin ya sarƙe. Don mujiya da shaho kuma ana kewaye gidan da keji na waya mai manyan idanu da matin zai wuce su ba za su wuce ba. Abun da ya sa ake dagewa haka, matin yana da riƙon wuri, inda ya fitar da 'ya'ya bana nan zai dawo baɗi, amma in aka kwashe masa komai a shekara ɗaya sai ya bar wurin gaba ɗaya, mai gida ya wayi gari baɗi shiru bai san dalili ba.

Duk wannan ba a gane shi sai da duba sheƙa, kowane kwana huɗu zuwa bakwai a sauke gida da rana tsaka a buɗe ɗaki-ɗaki a rubuta. Camfin nan na wai in ka taɓa ɗan tsuntsu uwarsa za ta ƙi shi ba gaskiya ba ne, matin yana tsayawa a sama yana surutu ka gama ya koma. Alamar an kusa ƙwai ita ce ɗanyen ganye da suke tsinkowa su shimfiɗa a sheƙa, mace na yin ƙwai ɗaya kowace safiya, ta kwanta wajen kwana 16, don haka wanda ya rubuta ranar ƙwan farko ya san ranar ƙyanƙyasa da ranar tashi. In aka ga ƙuma ko tsutsar ƙuda masu shan jini sun yi yawa a canza sheƙar da busasshen ganyen bishiyar fayin mai kama da allura. In 'ya'ya sun haura kwana 20 da 'yan kai ana toshe ƙofarsu da tsumma mai dogon zare kafin a sauke, a ɗaga a jira su natsu sannan a fizge zaren, in ba haka ba su watse kafin fiffike ya yi ƙwari. Wani ƙaramin abu da ke halaka sheƙa kuma shi ne juya gida, matin da gefe yake gane ɗakinsa, mai kallon gabas ko yamma, sama ko ƙasa, in ka ɗaga gidan ya juya sai iyaye su yi ta kai abinci ɗakin da ba nasu ba, shi ya sa ake sa alama a sanda, kuma shi ya sa sanda mai kusurwa huɗu ta fi zagayayya.

Wurin kafawa kuwa ko gidan zinare ne in ya saɓa ba mai shiga. Matin yana son fili da zai shigo a guje, bishiyar da ta fi gidan tsawo ta yi nisan ƙafa 40 zuwa 60, tsayin sanda ƙafa 12 zuwa 18, sannan abun da ke ba sababbi mamaki, yana son kusa da mutane, tsakanin ƙafa 30 zuwa 120 daga gidan mai shi, wanda ya kai can ƙarshen gona don kar a dame su sai ya ga ba su zo ba. Kar waya ta haɗa gidan da bishiya ko rufi, kar a bar duhuwa a gindin sanda. Tsofaffin gidajen da aka kafa tun shekarun 1960 da 1970 da yawa ba mujiya ce ta kore su ba, bishiyoyin da aka dasa ne suka girma suka rufe fili a hankali, shaho ya samu maɓoya. Sabon gida kuma yawanci ba manyan da suka fara isowa ke kama shi ba, su suna da nasu, samarin bara ne da ke zuwa makonni bayansu. Eugene Morton na cibiyar Smithsonian ya nuna waƙar da tsofaffin maza ke yi kafin asuba ita ke jawo samarin, kuma ba don Allah suke yi ba, sau da yawa su ne uban wasu 'ya'yan da ke sheƙar samarin. Yanzu an naɗi waƙar ana kunna ta a sifika da asuba a sabon wuri, har da gumakan matin na roba a kan baranda.

Sai yanayi, inda alminiyom ke da rauni don siriri ne, zafi ya shiga da sauri sanyi ya shiga da sauri. A Yunin 1972 guguwar Agnes ta kawo ruwa na kwanaki a jere a Pennsylvania da kewaye, ƙwari suka daina tashi, matin manya da 'ya'ya suka mutu da yunwa, wasu yankuna sun yi shekaru masu yawa ba su sake ganinsa ba. Kwana uku ko huɗu na sanyi ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salsiyos ko ruwa ba ƙaƙƙautawa ya isa. Gida ba ya maganin yunwa, shi ya sa masu harkar suka koyi harba musu gyare sama da cokalin roba har su saba su riƙa ci a faranti, har da soyayyen ƙwai, amma ɗaki mai ɗumi busasshe yana ƙara musu lokaci. A yankin da abun ya shafa ne wani ɗan al'ummar Amish, Kiristocin nan masu rayuwar gargajiya, Andrew Troyer na Conneautville, ya fito da gidan katako T-14 mai ɗaki 14 masu zurfi, katako mai kauri, ɓangare huɗu da suka kewaye sanda kowanne yana kallon gefensa, da tire da ake zarowa da sheƙar a ciki. Nauyi gare shi sosai, sai da na'urar murzawa mai birki da sanda mai ƙarfi, kuma kar mutum ya tsaya a ƙarƙashinsa yana murzawa.

Gora ma ta dawo da ƙarfinta. Da aka fara ƙirge sai aka ga babbar gora mai faɗin inci 8 zuwa sama, in ta kai 10 ko 12 ya fi, tana da abubuwan da aka sha wahalar ƙara wa gidan ƙarfe, ga zurfi, ba baranda a haɗe balle namiji ɗaya ya mamaye, tana lilo wanda gwara da sitalin ba su cika so ba. Ana busar da ita a kwashe cikin, a huda ƙasa don ruwa, a shafa farin fenti, a yanka wata kafa a gefe mai murfi da hannu zai shiga, a sa mata ƙofar rabin wata. Wanda ba ya son wahalar fenti duk shekara ya sayi ta roba, an yi su da dogon wuya da baranda da murfin dubawa, ana rataya su da yawa a kan ƙarfe mai hannuwa da ke sauka da igiya.

Wade ya rasu a 2007, masana'antar ta bar Griggsville, wani kamfani a Chicago ya ci gaba da ƙera gidajen, kuma yanzu ana samunsu da ƙofar rabin wata. Tsofaffin kuwa suna nan birjik a bayan gidaje don alminiyom ba ya ruɓewa, wasu gado aka ci. Wanda ya samu irinsa ni ban ga dalilin ya jefar ba, ya haɗe ɗakuna biyu-biyu, ya canza ƙofofi, ya raba baranda, ya liƙa siririn soso mai hana zafi a ƙarƙashin rufi, ya sa kariya a sanda, ɗakunan da ya rasa kuma ya rataya gora huɗu a ƙasan gidan su cike gurbin in sandar za ta ɗauka. Sai dai in tsuntsaye sun riga sun saba da tsohon, kar a sauke shi a kafa sabo a shekara ɗaya, a kafa sabon kusa da shi a bar su su koma da kansu tukuna. Wajen ƙarshen Agusta in sun watse sun tafi manyan matattaransu kafin ƙaura, a sauke a kwashe tsohuwar sheƙa a wanke a shanya, a toshe ƙofofi duka har zuwa lokacin da na farko ke isowa yankin.